Yadda Ake Saƙa wa Yara Hular Gashin Ulu da Kwarashi

Hular gashi ta farko da na saƙa, 'yar yayata na yi wa, tana 'yar shekara biyar, za su yi wasan kwaikwayo na ƙarshen zango a makaranta. Kwana uku na yi a kanta. Babu idon saƙa ɗaya da ban cusa wa zare ba, ga jelar kitso biyu manya har gadon baya, ga furanni. Da aka sa mata kowa sai ma sha Allah. Ba a yi minti goma ba nauyin kitson ya ja hular ta koma ƙeya, yarinya ta haɗa gumi, ta tuɓe ta miƙo mini ta ce, "Anti, ƙaiƙayi take yi." Na juya cikin hular, sai ga ƙulle-ƙullen da na yi duk a ciki, kamar an zuba tsakuwa.

Tun ranar na daina fara tunani daga gashi. Gashin na masu kallo ne. Yaro kuwa cikin hular yake ji, da nauyinta, da zafinta, kuma a nan gizo ke saƙar.

Wannan aiki ya yi suna ne daga garin Palmer a jihar Alaska ta Amurka. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki da masu ciwon daji, Holly Christensen, ita ce a 2014 ta haɗa wa 'yar ƙawarta da ke fama da cutar hular gashin ulu irin ta Rapunzel, yarinyar tatsuniyar nan mai dogon gashi. A 2015 ita da Bree Hitchcock suka kafa ƙungiyar The Magic Yarn Project, wadda 'yan sa-kai ke saƙa irin waɗannan huluna ana raba wa yara kyauta. Dalilinsu shi ne kemo, wato maganin ciwon daji, yana zubar da gashi, yawanci makonni biyu zuwa uku da farawa, ya bar fatar kai da laushi da saurin jin ciwo, har hular gashi irin ta manya ta zama abin azaba. Ko ba mara lafiya za ki saƙa wa ba, ki yi aikin kamar shi za ki ba. Hular da ta yi wa kan da ba gashi daɗi, za ta yi wa kowane kai.

Zare da sauran kayan aiki

Abin da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. In kina tantama, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a tsakar gida: na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri, na tumaki zai yi ƙaurin gashi ya zama toka, na auduga kuwa ƙaurin takarda yake yi. Na roba mai laushi shi ya fi dacewa, don yana wankuwa, ba ya tsada, kuma ba ya cizon fata kamar na tumaki. Kafin ki biya kuɗi, goga curin a wuyanki ko a cikin hannunki wajen da fata ta fi taushi. In kin ji ɗan kaushi, ajiye shi, yaron zai ji ninkin haka.

Ulun da ake kitso da shi, wanda masu kayan gyaran gashi ke sayarwa, yana yin jela mai kyau, amma ban yarda a saƙa gindin hula da shi ba. A waje kawai.

Sai maganar zafi. Alaska ƙasar ƙanƙara ce, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi kan haura digiri 40. Hular roba ta hunturu ce. In a bazara za a sa, ki saƙa gindin da zaren auduga, ki kuma rage gashi sosai.

Ƙananan curin nan na kasuwa siririn zare ne, don haka nakan haɗa biyu in saƙa tare da kwarashi mai lamba 4.5 ko 5 na milimita. Ki tanadi wani ƙarami da rabin milimita ko ɗaya don bakin hula. Hula ɗaya da gashinta kan ci giram 150 zuwa 200, kuma ki saye shi duka rana ɗaya, domin baƙin yau ba lalle ya zama baƙin da za ki samu mako mai zuwa ba. Ja da baƙi kan zuba, sai ki jiƙa guntu ki matse cikin farin ƙyalle ki gani. Sauran kaya ba su da yawa: almakashi mai kaifi, tef ɗin awo irin na tela, allura mai babbar kafa mara tsini, kwali, da ƙoƙo ko ƙaramar ƙwarya da za ki kife ki ɗora hular a kai lokacin sa gashi.

Abu guda da zai rage miki rabin wahala: launin gindin hula ya zama launin gashin. In haka ne, ko an bar fili ba a gani.

Awo

Zagaya tef ta goshi, saman kunnuwa, zuwa tudun ƙeya. Kan ɗan shekara biyu zuwa uku yakan kai santimita 47 zuwa 49, na ɗan shekara huɗu zuwa goma kuwa 50 zuwa 53. Amma in yaron na kusa, ki auna shi, kada ki dogara da shekaru. In yana nesa, uwar ta zagaya zare a kansa ta yanke ta aiko miki.

Saƙa tana miƙewa, saboda haka hula takan gaza kai da kamar santimita 3. Da zaren auduga, wanda ba ya miƙewa sosai, ki rage 1 ko 2 kawai. Sai ki raba abin da ya saura da 3.14, ki sami faɗin faifan da za ki fara saƙawa. Misali, kai 51, cire 3 saura 48, raba da 3.14 ya ba ki 15 da ɗan ɗoriya. Wannan 15 ɗin ita ce za ki riƙe a ka. Ki kuma auna daga tsakar ka zuwa tsakiyar kunne, shi ne zurfin hula, wanda ga yara irin waɗannan yakan tsaya tsakanin 16 da 18.

Gindin hula

Saƙa iri huɗu kawai za ki buƙata. Sarƙa ita ce ki naɗa zare a kwarashi ki jawo shi ta cikin zoben da ke kansa. Gajeruwa ita ce ki soka kwarashi a ido, ki jawo zare, ki naɗa, ki ratsa biyun da ke kan kwarashi gaba ɗaya. Doguwa kuwa sai kin naɗa tukuna kafin ki soka, ki jawo ya zama uku a kan kwarashi, ki naɗa ki ratsa biyu, ki sake naɗawa ki ratsa biyun da suka rage. Ta huɗun ita ce haɗi: ki soka, ki jawo zare ya wuce ta ido da ta zaren da ke kan kwarashi a lokaci ɗaya. Masu koyo a YouTube su lura, sunayen Amurka da na Ingila sun saɓa, abin da wancan ya kira da suna ɗaya wannan wata saƙa yake nufi da shi. Ki kalli hannu, ba baki ba.

Naɗa zare sau ɗaya a yatsu biyu ya zama zobe, ki bar wutsiya mai tsawon taƙi. Jawo zare ta cikin zoben, ki yi sarƙa biyu, sannan doguwa 12 a cikin zoben, kina hawa kan wutsiyar. Ja wutsiyar, ramin tsakiya zai tsuke. Haɗa da kan doguwar farko. Sarƙa biyun nan ba a ƙirga su, tsani ne kawai na hawa, kuma da su za ki fara kowane zagaye.

Zagaye na biyu, doguwa biyu a kowane ido, 24 ke nan. Na uku, ɗaya a ido na farko, biyu a na gaba, haka har ƙarshe, 36. Na huɗu, ɗaya, ɗaya, biyu, 48. Na biyar, ɗaya sau uku sannan biyu, 60. Kowane zagaye 12 ake ƙarawa. Ki ƙirga a ƙarshen kowanne, don ido ɗaya da ya ɓace a nan sai ya nuna kansa can ƙasa.

Yanzu shimfiɗa faifan a kan cinya ki auna daga baki zuwa baki ta tsakiya. Hannu ya bambanta, wata saƙarta a matse, wata a sake, shi ya sa tef ne alƙali, ba yawan zagaye ba. In kin kai 15, daina ƙari. In saura kaɗan, kada ki ƙara 12 cif, ki warwatsa huɗu ko shida a zagaye na gaba. In faifan ya fara lanƙwasa kamar kwano tun da wuri, hannunki ya matse, ki ɗauki kwarashi mafi girma. In bakinsa yana rawa kamar ganyen latas, ƙari ya yi yawa ko hannu ya sake.

Daga nan doguwa ɗaya a kowane ido, zagaye bayan zagaye. Biyun farko za ki ga kamar faifan girma kawai yake yi, kada ki damu, a na uku zai durƙusa ya zama hula. Idan saura santimita ɗaya da rabi ki kai zurfin da kika auna, ki koma ƙaramin kwarashi ki yi zagaye biyu na gajeruwa. Su ne ke kama goshi su hana hula zamewa, ba sai an sa roba mai talewa ba. Roba kan bar shaida a fata, kuma kan da ba gashi ba ya jure ta.

Wutsiyoyin zare duka ki fito da su waje, ki ɓoye su da allura a jikin saƙa ta waje, gaba da baya sau uku, ba tare da ƙulli ba. In zare ya ƙare a tsakiyar aiki, kada ki ɗaure sabo da tsoho, ki haɗa su ki saƙa ido uku ko huɗu tare. Sannan ki juya hular ki shafa cikinta da bayan hannu, ido rufe. Layin haɗi shi ne zai zauna a ƙeya.

Sa gashi

Bari mu ɗauki mafi sauƙi, tsaga a tsakiya da jela biyu. Kitso yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zare, kuma kowane zare ninka shi za a yi biyu. Don jela ta sauka ƙirjin 'yar shekara biyar, yanki kwali mai tsawon santimita 55, ki yi ta naɗa zare a kansa ba tare da ja ba, sannan ki datse ta gefe ɗaya. Kowane zare zai fito 110. Ki fara da guda 120, in bai isa ba kya ƙara. Ja wajen naɗi shi ne ke sa zare ya koma gajere bayan an yanka.

Kife ƙoƙo, ɗora hula. Ɗauki zare mai wani launi ki ratsa shi daga tsakiyar goshi zuwa layin ƙeya, ya zama alamar tsaga, daga baya za ki zare shi. Ɗauki zare biyu, ninka su, soka kwarashi ta ƙarƙashin jikin doguwa ɗaya daga waje, ba tare da ya leƙa cikin hula ba, jawo ninkin ya fito ya yi zobe, sai ki zura wutsiyoyin huɗu ta cikin zoben ki ja. Ƙullin zai zauna a waje. Wannan ne abin da ban sani ba a karon farko, na riƙa sokawa har ciki.

Ki yi layi ɗaya a dama da alamar, layi ɗaya a hagu, ƙulli ɗaya ko biyu a kowane zagaye, na dama su kwanta dama, na hagu su kwanta hagu. Sai ki bi bakin goshi zuwa kunne, kina tsallake ido ɗaya. Shi ke nan. Tsakiyar kowane gefe babu abin da za a sa, gashin tsaga ne zai kwanta ya rufe shi. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayin a cike filin. Ki daure.

Taje gashin da yatsu, ba da mataji ba, ki tattara kowane gefe a bayan kunne daidai bakin hula. Ɗaure shi da zare, sannan ki ɗinke wannan ɗaurin a jikin hular da allura, sau huɗu ko biyar. In ba ki ɗinke ba, nauyin jela zai rataya a kan tsaga, hula ta buɗe. Tsakanin tsaga da ɗauri ma ki bi da ɗinki ɗaya mai faɗi, launi ɗaya da gashin, don kada yatsun yaro su yaye shi gindin ya bayyana. Raba uku, kitsa a sake, ɗaure ƙarshe da ƙarfi, ki daidaita bakin da almakashi. Ɗaga hular a tafin hannu. In ta rinjaya baya, rage tsawon jela ko ki zare wasu daga ciki.

Ni dai yanzu na fi son yin kitsonmu na gida a kan dogon gashin gimbiyoyin katun, don ya fi sauƙi a kai kuma yarinya tana ganin kanta kamar sauran ƙawayenta. Kalaba: zare uku a ninke a ido ɗaya, wutsiya shida ke nan, ki kitsa bibbiyu, ki jera su da tazarar yatsa biyu. Zane: ki kitsa dogayen siraran jela daban, ki kwantar da su daga goshi zuwa ƙeya ki ɗinke, da allurar da ba ta ratsa ciki. Shuku haka yake, sai dai duka suna hawa su haɗu a tsakar ka. Mafi sauri kuwa tuntu biyu: naɗa baƙin zare a yatsu huɗu kamar sau 90, ɗaure tsakiya tamau, yanke gefe biyu, aske shi ya yi zagaye, ɗinka ɗaya a kowane gefe. Ga 'yar shekara biyu babu abin da ya kai wannan. In gashi mai murɗe kike so, yi sarƙa 30, ki zuba doguwa uku a kowane ido, zai naɗe da kansa.

Wani lokaci uwa kan yi jim ta ce ba ta son abin da ya yi kama da ƙarin gashi. Ba na ja da ita. Nakan nuna mata cewa hula ce da ake sawa a cire, in ranta bai kwanta ba sai mu koma launin da ba ya kama da gashi, shuɗi ko ruwan hoda, ko mu yi hular dabba. Tambayar iyaye kafin a yanka zare ta fi.

Zaki, zomo da kambi

Yara maza ba sa son jela, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi zaki ba. Gindin hula ruwan ƙasa mai haske, geza kuwa a gauraya ruwan goro da ruwan ƙasa mai duhu. Yanka zare santimita 12, ki ɗaura uku-uku da irin ƙullin nan na waje, layi uku daga kunne zuwa kunne ta saman goshi. Kunnuwa: gajeruwa 6 a zobe, sai 12, sai 18, ninka faifan biyu ki ɗinka a bayan gezar. Wasu kan taje gezar da buroshi ta yi buzu-buzu. Kyau kam tana yi, amma tana zubar da ɓurɓushi da ke shiga hanci da baki, don haka ba na yi wa ƙananan yara.

Kunnen zomo sarƙa 15 ce, ki bi ta da doguwa gefe da gefe, ki yi biyu ki haɗa su baya da baya don su yi kauri. Za su ɗan langaɓe, ki bar su haka. Kada ki sa waya a ciki don su miƙe.

Kambin sarauta kuwa da zare ruwan gwal ake yi: sarƙar da ta zagaye hula, adadin idonta ya rabu da shida, misali 60. Zagaye biyu na gajeruwa, sannan ki tsallake ido biyu, a na uku ki zuba doguwa uku, sarƙa biyu, doguwa uku, ki tsallake biyu, ki yi haɗi. Tsini goma zai fito. Ɗinka shi a kan hular.

Abin da ba a wasa da shi

Ɗan ƙasa da shekara uku ba a sa masa duwatsun ado, maɓalli ko idon roba, don komai baki yake kaiwa. Ido da fure duk a yi su da zare. Ba a sa igiyar ɗaurewa a haɓa, jela kuma kada ta kai tsawon da za ta zagaye wuya. Ba a barci da hular, jariri kuwa ba a sa masa ita sai dai a ɗauki hoto a cire.

Sai wuta. Lokacin da hular ta fi amfani, wato hunturu, shi ne lokacin da kaskon garwashi ke tsakar ɗaki yara na kewaye da shi. Zaren roba narkewa yake yi ya manne a fata, kuma jela tana lilo gaba idan yaro ya sunkuya. Ki gaya wa uwar wannan da bakinki ranar da kika miƙa mata.

In gashin yaro na zubewa tabo-tabo da farin ɓawo, wataƙila makero ne. Wannan asibiti yake so, rufe shi da hula mai zafi ba ya warkar da shi, kuma yana bin hula ya kama wani. Kowane yaro da tasa.

Wanki da hannu ake yi, ruwa mai sanyi da sabulu mara ƙamshi. Ba a murɗawa. Naɗe ta cikin tawul ki danna, ki shimfiɗa a inuwa, kada ki rataye ta don nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. Dutsen guga kada ya kusance ta.

Idan yaran asibiti za ki kai wa, ki fara zuwa ki tambayi ma'aikatan jinya na ɗakin ko suna karɓa da kuma sharaɗinsu, domin kemo yana raunana garkuwar jiki. Sabon zare kawai, ba warwarar tsohuwar rigar sanyi ba. A wanke, a bushe sarai, kada a turara ta ko a fesa turare, don ƙamshi na tayar musu da zuciya. Kowace hula a ledarta mai zif, da 'yar takarda mai ɗauke da awon kai da irin zaren. Nakan kuma jefa zare biyar ko shida na gashin a cikin ledar, don ranar da ɗaya ya zare, uwar ta samu abin mayarwa.